Amsar da Na Hana Ƙanena Kaiwa

Ni ɗan kasuwar kifi ne a Haɗeja. Tun ina saurayi nake sayen banda a hannun masuntan Guri da Kirikasamma, in ɗaure a kwali, in ɗora wa motocin kudu. Na yi sakandare, ina karanta Turanci daidai gwargwado, amma duk tsawon shekarun nan ban taɓa ƙulla ciniki da biro ba. Mutum ya ce "na sallama", in ce "Allah ya sa albarka", magana ta ƙare ke nan. Wanda duk ya zaro mini takarda a wurin ciniki, kallon marar tarbiyya nake yi masa. Na faɗi wannan tun da farko ne don a san irin mutumin da ƙanena ya kawo wa matsalarsa.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma na ba shi shekaru da yawa. Da mahaifinmu ya rasu, ni na ci gaba da riƙonsa, ni na kai shi makarantar koyon aikin lafiya, ni na yi masa aure. Mutum ne mai sanyin hali har abin ya kan ba ni haushi. Idan ka taka masa ƙafa, shi zai riga ka ba da haƙuri. Da ya sami aikin gwamnati aka tura shi wani ƙaramin ɗakin shan magani a wani ƙauye can gaba da Guri, cikin fadama sosai. Ɗaki biyu ne da baranda, shi ne mai allura, shi ne mai wanke ciwo, shi ne mai shara idan mai sharar ta tafi biki. Mutanen ƙauyen likita suke ce masa. Ya yi ta gaya musu shi ba likita ba ne, har ya gaji ya bari. Matarsa da 'ya'yansa suna gidanmu na gado a Haɗeja, shi kuma yakan zo ƙarshen mako a kan babur.

Sai aka yi wata damina da ruwa ya yi hauka. Dama kacala, doguwar ciyawar nan mai cinye fadama, ta riga ta toshe hanyoyin ruwa a can ƙasa, don haka da kogi ya cika bai sami inda zai bi ba, ya bazu cikin gonaki. Shinkafa ta nutse tun ba ta fitar da kai ba. Hanyar ƙauyen ta yanke gaba ɗaya, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa, mutane suka tattara suka koma kan tudu inda makarantar firamare take. Ba a daɗe ba amai da gudawa ya ɓarke a cikinsu. Ƙanena ya kwashe ɗan maganin da ya rage masa ya bi su can. Makonni ya yi bai fito ba. Idan yana son ya yi mana waya sai ya hau kan wata jigawa, ya ce "muna nan lafiya" ya kashe, don kada caji ya ƙare.

A daidai wannan lokacin ne aka sa tantance ma'aikata a sakatariya. Kowane ma'aikaci sai ya zo da ƙafarsa, da takardun ɗaukarsa aiki, a gan shi ya sa hannu, wai don a kama masu cin albashi ba sa zuwa aiki. Labari bai kai masa ba sai ana gobe za a rufe. Ya ce ko da ya sami kwale-kwale a ranar, akwai mutum huɗu kwance da ledar ƙarin ruwa a hannunsu, ba wanda zai bar wa su. Bai zo ba. Da ruwa ya janye ya fito, ya rame har wuyansa ya ƙara tsawo, tsakanin 'yan yatsun ƙafarsa duk ruwa ya cinye. Ya je ofis kai rahoto, sai aka miƙa masa takardar tuhuma, aka ce ya sa hannu ya karɓa. Takardar ta ce bai zo tantancewa ba, ba a san inda yake ba, ana zargin ya gudu daga wurin aiki. Ya yi bayani a rubuce cikin kwanakin da aka ƙayyade, ko a hukunta shi.

Ya zauna ya rubuta amsa, shafi uku. Da safe ya same ni a rumfa ina duba kaya, ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo. Ya ce, "Yaya, ka duba mini kafin in kai."

Na goge hannu na karanta. Amsa ce mai kyau, yau na san haka. Ya faɗi ranar da hanya ta yanke, ya faɗi inda ya koma da marasa lafiya, ya ce dagacin garin shaida ne, littafin da yake rubuta sunayen waɗanda ya duba shi ma shaida ne. A shafi na uku kuma ya ce sau biyu ya aika wa ofis saƙo yana neman magani da kwale-kwale, ba a amsa masa ba. Wannan layin ne ya tayar mini da hankali. Don wanda ya sa hannu a takardar tuhumar, wato shugaban sashensu, ba baƙo ba ne a wurinmu. Dattijo ne ɗan unguwarmu, abokin mahaifinmu tun na ƙuruciya. Yana cikin mutum ukun da suka yi wa mahaifinmu wanka ranar da ya rasu. Baba muke ce masa.

Na ce, "Kai yanzu wannan za ka kai wa Baba?"

Ya ce, "Ai ofis zan kai, Yaya. Haka ƙa'idar take."

"Ofis ɗin waye a ciki? Aljani? Mutumin da ya wanke ubanka za ka rubuta wa cewa ya yi sakaci? Da hannunka? Ashe abin da ka koyo a makarantar ke nan."

Na ce masa babba ba a mayar masa da magana a takarda, zuwa ake yi a same shi. Na ninke shafukan nan uku na cusa a aljihu, na ce ya je gida ya huta, ya bar mini sauran.

Muna da maƙwabciya, mutuniyar kudancin Kaduna, Madam muke ce mata. Ita da mijinta, wanda malamin makaranta ne, sun zo Haɗeja tun suna sababbin aure, duk 'ya'yansu a unguwarmu aka haife su. Da Kirsimeti takan aiko mana da shinkafa da kaji, da Sallar layya mu aika mata nama. Aikinta a rajista yake, a wata ma'aikata daban, ita ce mai karɓar takardu ta buga hatimi ta sa a fayil. Ta ji labari a bakin matan gidanmu, ta tare ni a ƙofar gida da yamma.

Ta ce, "Alhaji, na ji za ku je gaishe da oga. Ba laifi, ku je. Amma takardan nan da ya rubuta, a kai shi ofis, a buga hatimi, ya riƙe kwafi ɗaya. In layin ƙarshen ne bai yi maka ba, a cire. Ko layi biyar ne ya rubuta, ya dai amsa."

Na ce, "Madam, na gode, amma mun san mutumin nan."

Ta ce, "Ku kun san shi. Fayil ɗin bai san shi ba. Shekara nawa ina wannan aikin, na ga abin da takarda mara amsa ke yi wa mutum."

A nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce mata, "Ku a wajenku wataƙila haka ake yi. Mu nan muna da manya." Matar da muka fi shekara ashirin muna shan ruwan rijiya ɗaya, ita na ce wa "ku a wajenku". Ta dube ni, ta gyara ɗankwalinta, ta ce, "To, Allah ya taimaka." Ta shige gida. Har yau idan na tuna wannan maganar kunya ce ke kama ni.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka tafi: ni, da kawunmu ƙanin mahaifiyarmu, da limamin unguwa, da shi ƙanen nawa. Baba ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Ƙanena ya zauna can bakin ƙofa kusa da takalma, kansa a sunkuye. Kawu ne ya yi magana, kuma ya iya. Ya fara da zumuncin da ke tsakani, ya ambaci marigayi, ya ce yaro ya yi kuskure, ɗanka ne, in ba ka rufa masa asiri ba wa zai rufa. Liman ya ƙara da nasa. Sai daga baya na lura da wani abu: duk zaman nan ba wanda ya ce ƙanena yana bakin aikinsa lokacin da aka ce ya gudu. Ba a zuwa ban haƙuri da hujja. Muka je muka roƙa masa gafarar laifin da bai yi ba, yana zaune yana ji.

Baba ya yi salati. Ya ce takardun tari guda aka kawo masa, ya yi ta sa hannu bai ma duba sunaye ba. Ya dubi ƙanena ya ce, "Ƙaƙa za a yi in kori ɗan abokina? Tashi ka koma aikinka. Wannan magana ta wuce, ta wuce har abada." Liman ya ja fatiha muka shafa.

A hanyar dawowa ji nake kamar na ciwo yaƙi. Ina tsokanarsa, ina cewa ga shi nan mai shafi uku, ruwa kofi ɗaya ya gama abin da biro bai gama ba. Ya yi murmushi. Da muka rage mu biyu ya ce, "Yaya, ko dai in kai 'yar gajeriyar amsa, don fayil?"

Na tsaya cak. Na ce, "Mutum ya ce ta wuce a gaban liman, kai kuma ka bi shi da takarda? Ka ce masa ba ka yarda da maganarsa ba ke nan." Bai sake tayar da zancen ba.

Ya koma ƙauyensa ya ci gaba da aiki. Aka yi rani, aka yi wata damina, ni har na manta. Kuma ina so in faɗi gaskiya game da Baba, don bai yaudare mu ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki fayil ɗin ƙanena ya jefa a durowar ƙasa ta teburinsa ya kulle. A saninsa yafiya ke nan. Bai rubuta cewa an janye tuhuma ba, don bai ga dalili ba, kamar yadda ni ma ban gani ba. Irinmu ɗaya da shi, sai dai shi yana sa hula mai tsada ya zauna a ofis.

Sai lokacin ritayarsa ya yi. Aka kawo sabon shugaba, matashi, ba ɗan garin ba, bai san uban kowa ba. Ya sa aka buɗe durowoyi aka fito da duk abin da ke ciki. Ya ga takardar tuhuma, ya ga sa hannun wanda ya karɓa, bai ga amsa ba. Ya yi abin da littafinsu ya ce, ya tura wa kwamitin ladabtarwa. Na daɗe ina zagin yaron nan a zuciyata. Yanzu na daina, don ban san abin da zan ce ya yi ba daidai ba.

Aka kira ƙanena gaban kwamiti. Ban shiga ba, a waje na zauna ƙarƙashin bishiyar maina, shi ya ba ni labari da ya fito. Suka ce ka karɓi wannan takarda? Ya ce na karɓa. Wannan sa hannunka ne? Ya ce nawa ne. Ka amsa? Ya ce an ce masa magana ta wuce. Suka ce wa ya ce? A ina aka rubuta? Ya ce mini a nan ya kasa kiran sunan Baba a gaban mutane a matsayin wanda ya ɓoye fayil. Ya koma ba su labarin ambaliya. Suka saurare shi, har ɗaya daga cikinsu ya ce shi ma gonarsa ta nutse a shekarar. Amma suka ce in haka ne me ya hana ka faɗa a lokacin, da aka ba ka dama? Amsar kuwa tana zaune a waje ƙarƙashin maina tana cin goro.

Aka fara dakatar da shi. Bayan 'yan watanni takardar kora ta fito.

Ranar da ya kawo ta gida, matarsa ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Shi kuwa ya zauna a kan turmi a tsakar gida da takalmansa a ƙafa. Madam ta shigo ba tare da an kira ta ba. Tun waccan maganar gaisuwa ce kawai tsakanina da ita, amma ba ta nuna komai ba. Ta karɓi takardar ta karanta har ƙasa, ta sa yatsa a sakin layi na ƙarshe, wanda ni ban ko kai gare shi ba.

Ta ce, "Ba a gama ba. Kun ga nan? Yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara zuwa hukumar da ke sama da su. Ma'aikacin gwamnati ba ɗan aikin gida ba ne da za a ce tafi ya tafi. Amma akwai kwanaki, kuma daga ranar da ya sa hannu ya karɓa ake ƙirgawa. Yau ma ya ci ɗaya."

Ta lissafa masa abin da zai haɗa. Takarda daga dagacin ƙauyen cewa yana tare da su duk lokacin ruwan. Littafin marasa lafiya, wanda ke da kwanan wata. Ya sanar da ƙungiyarsu ta ma'aikata don su tsaya masa. Sannan abin da ya fi duka, 'yar wasiƙa daga tsohon shugaban, ya ce shi ne ya gaya masa an rufe maganar, shi ya sa bai amsa ba. Ta ce idan hukuma ta ga wannan, za ta gane ba raini ne ya hana shi amsawa ba.

Ƙanena ya tashi tsaye a kan abin. Ya hau babur ya je ƙauyen, dagaci ya sa malamin makarantarsu ya rubuta, ya dangwala, dattawan gari su ma suka dangwala har takardar ta cika. Ya ɗauko littafin, gefensa duk ruwa ya taɓa amma ana karantawa. Madam ta zauna da shi ranar Asabar suka tsara takardar ƙarar. Saura wasiƙar Baba, kuma wannan ni ya kamata in je in nema, tunda ni na kai su gidansa.

Na kasa. In je in ce wa dattijon da ya yi mana alheri ya rubuta da hannunsa cewa ya ɓoye fayil ɗin gwamnati a durowa? Kullum sai in ce gobe. Ana cikin haka na tuna da wani babban mutum a Dutse, wanda nakan aika wa tarwaɗa idan zai yi baƙi, kuma ana cewa babu ƙofar da ba ya buɗewa. Na je na same shi. Ya saurare ni yana danna waya, ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne, Alhaji. Waya ɗaya zan buga. Ka bar mini."

Na dawo da murna na ce wa ƙanena ya dakata da takardar ƙara. Ya ce, "Yaya, kwanaki suna tafiya." Na ce idan babban mutum yana gyara magana ta bayan gida, kai kuma ka je ka buga ganga a ƙofar gida, ka kunyata shi, zai zare hannunsa. Madam ta aiko matata ta gaya mini a kai takardar ko babu wasiƙar Baba, daga baya a ƙara. Na ce a ce mata na ji.

Kuskuren farko zan iya cewa rashin sani ne. Na biyun ba ni da abin da zan ce. Na riga na ga inda irin wannan hanyar ta kai mu, na sake ɗaukar ta ido buɗe, saboda ita kaɗai na iya, kuma saboda ban so a ce maganar mace baƙuwa ta fi tawa a kan ƙanena. Wannan shi ne gaskiyar abin. Idan kuma ana mamakin me ya sa shi ya biye mini, to ba a san gidanmu ba. Tun yana ɗan shekara tara ni ne ubansa. Bai taɓa ƙetare maganata ba, ni kuma da bakina nake yi wa mutane alfahari da hakan.

Sau uku ina zuwa Dutse. Na farko aka ce ya yi tafiya. Na biyu na wuni a kan benci, ya fito zai shiga mota ya ɗaga mini hannu ya ce ana kai. Na uku mai gadi ya ce ba ya ganin kowa. A motar dawowa, wajen Kaugama, na ƙirga kwanakin da yatsu, na sake ƙirgawa. Saura biyu, kuma gobe Asabar.

Washegari na ja ƙanena muka tafi gidan Baba. Mun daɗe ba mu je ba, ba mu san halin da yake ciki ba. Ashe ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Aka shigar da mu har ɗaki. Yana kwance, hannun dama a kan ƙirji ba ya motsi, baki ya karkace. Ya gane mu. Ya dubi ƙanena ya yi ƙoƙarin magana, abin bai fito ba, sai hawaye. Ban san ko ya ji labarin korar ba. Babban ɗansa yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon ambulan ɗin da ke hannun ƙanena, da ganin fuskarsa ka san ba za a sa wa uban nan nasa biro a hannu ba. Ni ma ban tayar da maganar ba. Muka yi masa addu'ar samun sauƙi muka fito.

Ranar Litinin ƙanena ya kai takardar ƙarar da kansa, aka buga hatimi, ya riƙe kwafi, yadda Madam ta faɗa tun shekara biyu da suka wuce. Kwanakin sun riga sun cika. Muka yi ta jira har aka girbe shinkafar rani. Amsar da ta zo ba ta kai rabin shafi ba. Ta ce ƙarar ta iso bayan wa'adi, don haka ba za a duba ta ba. Ba wanda ya buɗe littafin marasa lafiyar, ba wanda ya kalli dangwalen dattawan nan.

Sakataren ƙungiyarsu ya ce akwai kotu ta musamman don rikicin ma'aikata, ya haɗa mu da wani lauya a Kano. Mutumin kirki ne, ya ba mu kujera ya karanta komai a tsanake. Na zaro masa shafuka ukun nan na farko, waɗanda suka yi shekaru a cikin akwatina. Ya karanta, ya juya bayansu yana neman hatimi, ya ajiye. Ya ce abin da kotu ta fi dubawa shi ne ko an ba ma'aikaci damar kare kansa kafin a kore shi. Ya ce a takarda an ba shi sau uku: an tuhume shi bai amsa ba, an kira shi kwamiti bai faɗi wanda ya hana shi amsawa ba, an ba shi wa'adin ƙara ya bari ya wuce. Ita ma kotun tana da nata wa'adin. Ya ce zai iya shigar da ƙarar idan mun matsa, amma ba zai yi mana ƙarya ba. Sannan ya tambayi ƙanena, "Malam, kai da ka iya rubutu haka, wa ya ba ka shawarar ka riƙe ta?"

Ƙanena ya ce, "Haka Allah ya ƙaddara." Ina zaune a gefensa, gwiwata tana taɓa tasa.

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Bai taɓa ba. Kullum da safe yana zuwa ƙofar ɗakina ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Ya karɓi aron wata 'yar gona a fadama yana noman shinkafa da tattasai, aikin da bai iya ba, hannunsa na allura duk ya yi kanta. Ranar kasuwa mutanen ƙauyen nan sukan biyo ta gidanmu su gaishe da likita, su ajiye masa kifi. Suna tambayarsa yaushe zai dawo, don ɗakin maganin ya fi zama a kulle. Yakan ce musu sai yadda hali ya yi. A unguwa kuwa ba mai cewa komai a gabanmu, amma kowa ya san korarsa aka yi, kuma wanda bai san labarin ba yakan ɗauka magani ya sata.

Bara wata ƙungiya mai aikin agaji ta zo neman ma'aikatan lafiya da za su zauna a ƙauyukan fadama lokacin ruwa. Dagacin ne da kansa ya kai musu sunansa, ya ce in ba shi ba ba sa son kowa. Na ga ƙanena ya yi aski, ya sa an wanke masa farar rigarsa ta aiki. Ya zo rumfata da fom ɗin, ba don shawara ba, akwai wurin da ɗan'uwa zai sa hannu. Ina dubawa na ga wata tambaya a shafi na biyu: an taɓa korarka daga aikin gwamnati? Bai cike wurin ba tukuna.

Na ce, "Rubuta a'a. Wa zai bincika? Ko ka bari, na san wani da ya san shugabansu, in je in same shi."

Ya ɗago kai ya dube ni cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ba da fushi ba. Ya ce, "Yaya, don Allah ka bari."

Ya ɗora fom ɗin a kan kwalin kifi ya rubuta e. Akwai layi biyu a ƙasa da aka bari don bayani, ya matse rubutunsa ya sa abin da zai shiga. Na sa hannu a inda ya nuna mini, ya karɓa ya tafi.

Ba su kira shi ba. Da damina ta yi nisa ruwa ya sake yanke hanyar ƙauyen, mutanen suka yi ta bugo masa waya daga kan jigawa. Ina daga cikin zaure ina jin sa a ƙofar gida, yana ɗaga murya saboda layin ba kyau, yana gaya musu yawan gishiri da sukarin da za su zuba a ruwa, yana maimaitawa.